Ranar da Aka Tambayi Maman Daniel

Duk wanda ya san Tashar Baga, kasuwar kifin Maiduguri, kafin gari ya lalace ya san Salomi mai banda. Duk wanda ya san Salomi kuwa ya san labarin tarwaɗar Kusuri, don ita da kanta take ba da shi, an tambaya ko ba a tambaya ba.

'Yar ƙabilar Babur ce daga kudancin Borno, gajera, mai faɗin kafaɗa, da murya irin wadda ake ji daga bakin titi har rumfar ƙarshe. Mijinta ya rasu da wuri, ya bar mata ɗa guda, Daniel, da ɗan gida a Jiddari Polo. Da kifi ta rene shi. A zamanin da hanya take hanya, takan tsallaka har Kusuri, cikin Kamaru, ta saro kaya. A can ne wata 'yar kasuwa ta ce mata kifinta ya fi ta ƙamshi. Salomi ba ta tsaya neman amsa ba. Akwai wata busasshiyar tarwaɗa a hannunta, mai kai kamar guduma. Ta sauke wa matar ita a tsakar ka.

Aka kai ta gaban alƙali. Ta shiga tana taunar goro, hankali kwance, don a ganinta ta zo da hujja. Ta sa tafinta ya gaya wa alƙali an taɓa yin irin wannan a Maiduguri. Wata Hajja Falmata ta kwaɗa wa abokiyar gabarta kifi, lauyanta ya miƙe ya ce kifi abinci ne, ba makami ba, ya tono wata tsohuwar shari'a ta wani da ya jefi maƙwabcinsa da doya, alƙali ya duba ya ga iri ɗaya ne, ya yi mata sassauci.

Alƙalin Kusuri ya saurara har ƙarshe. Sannan ya ce, "Wace ce Hajja Falmata?"

"Haba, ranka ya daɗe! Ta rumfar ƙarshe mana. Kowa ya san ta."

Ya jawo wani jan littafi mai kauri, ya ɗaga mata. "Tana cikin nan?"

Salomi ta ce ba ta tsammani, don Hajja ko ajin yaƙi da jahilci ba ta shiga ba.

"To a nan ba ma tambayar abin da wani alƙali ya yi da wata Hajja. Abin da aka rubuta muke tambaya." Ya buɗe, ya ɗora yatsa, ya karanta, tafinta yana juyawa: duk abin da aka ɗaga aka bugi mutum da shi ya zama makami a wannan lokacin, ko da ludayi ne. Daga nan ya shiga yi mata tambayoyi da kansa. Da wane hannu? Kan kifin ne ya sauka ko jelar? Tun safe take riƙe da shi, ko don matar ta ɗauko? Ta juya tana neman lauyan da zai tashi ya ce bai yarda ba, ba ta ga kowa ba sai fanka. Aka ci ta tara, ta kwana a bayan kanta. Tarwaɗar kuwa aka shigar da ita ɗakin ajiyar shaida, kuma har yau ba ta fito ba.

Tun daga ranar ta zama malamar shari'a ba tare da kowa ya naɗa ta ba. Takan ce, "Dokarmu ta Ingilishi tsohuwa ce irina. Tana tuna abin da ya sami wane da wance, tana da kunne, a tsayar da kai a tambaye ka, ka faɗi naka. Tasu ta Faransa kuwa littafi ne. Ba ya gaisawa, bai san uwar kowa ba." Babban burinta a duniya shi ne wata rana wani lauya ya miƙe da hular gashin nan tasu ya ce, "Kamar yadda aka yi a shari'ar Salomi." Tana jin haushin Hajja Falmata a kan wannan fiye da a kan ciniki.

Mutum ɗaya ne yake tsaya mata: Ambrose, Inyamuri mai shagon kayan gyaran mota a kusa da tashar. Ya yi shekaru yana kasuwanci a Njamena, inda su ma dokar Faransa suke bi, ya dawo da tumbi da ra'ayi. Da ta fara, sai ya ajiye ledar ruwansa.

"Madam Kifi, ki bar wannan magana. Littafi ya fi. Ka buɗe, ka ga laifinka, ka ga kuɗinsa, ka tafi gida. Taku fa? Lauya biyu suna kokawa, alƙali yana zaune yana kallo kamar mai busa usur. Wanda lauyansa ya fi iya tono kabarin tsofaffin shari'u shi ne mai gaskiya."

"Oga Ambrose, kai da ko farashin fulogi ba ka da guda ɗaya, kai ne mai son abin da aka rubuta?"

Haka suke kullum. Saboda tsayuwar da take yi a ƙofar shagon tana masa wankin babban bargo, Daniel, wanda ya zama direban babbar mota, ya riƙa zuwa ɗaukarta. Saboda zuwan nasa ya ga Kambili, 'yar Ambrose, a bayan kantar shagon tana jera batir. Iyaye suna gardamar Ingila da Faransa, yara suna tasu maganar da ido. Aka yi aure a coci, aka kuma yi na rajista, don Salomi ta ce ɗanta ba zai yi auren da kotu ba ta san da shi ba. Ku riƙe wannan, maganar za ta dawo.

Auren bai shekara ba. A lokacin gari ya riga ya zama abin da kuka sani: shinge a kowace kwana, bam a kasuwa, mutanen ƙauyuka sun cika makarantu da tabarmi. Ana ta cewa hanyar Dikwa ta mutu, amma ciki ba ya jin an ce. Daniel ya ɗauki kaya zuwa iyaka tare da abokin tuƙinsa, Ajimi, mutumin Kusuri. Bayan kwanaki aka ga motar a gefen hanya, a ƙone, ƙofofi a buɗe. Ba gawa, ba takalmi. Wasu suka ce masu kaki ne suka tare su. Wannan bai gaya wa kowa komai ba, don a shekarun nan kowa kaki yake sawa, na daji da na gari.

Salomi ta bi duk inda ake bi. Ta tsaya a ƙofofin da ake tsayawa, ta leƙa ɗakunan da ake buɗe wa mutum mayafi ya duba fuska. Kifi ya daina zuwa daga tafki, ta koma sayar da daddawa da kuka a faranti, ita da ta saba da kwali ɗari. Muryar dai ba ta ragu ba. Wani abu ɗaya ne ya canja: ta hana kowa ya kira ta Salomi. Maman Daniel, ko kuma kada ka kira.

Kambili ta zauna da ita. Uban ya ce ta dawo gida, ta ƙi. Su biyu a gidan Jiddari Polo, tukunya ɗaya, kujera ɗaya a coci. Duk ƙarshen damina sukan fito da kayan Daniel su shanya saboda asu, su ninke, su mayar.

Shekara ba ta cika biyu ba labari ya zo daga Kusuri. Matar Ajimi ta je kotun can. Alƙali ya buɗe littafi, ya ga wurin da aka ce wanda ya ɓace cikin halin da rai ba ya tsira ana iya rubuta shi matacce, ya aika aka bincika maganar motar, ya sa hannu. Matar ta yi takaba, ta yi aure. Uwar Ajimi kuwa ba wanda ya kira ta. Aka ce har yanzu tana share masa ɗaki, in an yi mata maganar hukuncin sai ta ce, "Littafinsu ne ya faɗa. Ni ban faɗa ba."

Salomi ta kawo wa Ambrose labarin da zafinsa. "Ka ji dokarka? Ta kashe mutum ba ta ga gawa ba, ba ta ko tambayi wadda ta haife shi ba! Mu a nan sai an shekara bakwai cur ba a ji ɗuriyar mutum ba, sannan a tsayar da nasa a tambaye su. Doka mai kunya ke nan."

Ambrose ya kau da kai. Ya kalli bayan kantar shagon, inda 'yarsa ta saba tsayawa. Ranar ce ta farko da ya bar ta ta ci gardama a banza, kuma ba ta lura ba.

Ana cikin shekara ta huɗu, wata ranar kasuwa da rana tsaka, wayarta ta yi ƙara. Baƙuwar lamba. Ta ɗauka. Ba a yi magana ba. Wani huci take ji, kamar iska, kamar numfashi, yana zuwa yana komawa. Ta ce, "Daniel?" Hucin ya ɗan tsaya, ya ci gaba, layin ya yanke. Ta kira, ta sake kira, ta ba masu gyaran waya suka kira. Lambar ba ta shiga.

Kafin la'asar duk Tashar Baga ta ji Daniel ya bugo. Ran Lahadi ta tsaya gaban Zumuntar Mata ta ba da shaida, aka yi guɗa, aka yi waƙa. Kambili ta yi kuka har ta kasa tashi. Babu wanda ya iya ce wa Maman Daniel a shekarun nan rabin garin yana samun irin wannan kira, saboda layin waya da kansa a jigace yake. Wa zai fara? Ka ce mata haka, ka nemi inda za ka sa kanka.

Wannan kiran ta ci, shi ta sha, har shekara bakwai ta cika.

Kambili ta shigo gidan tana yarinya, yanzu ta ba talatin baya. Sa'o'inta suna kai yara makaranta. A coci ita ce mai riƙe jaririn kowa, ta iya goyo fiye da uwayen, da an tashi ta miƙa ta koma gida hannu sake. Akwai wani malamin asibiti, mutumin kirki, matarsa ta rasu, ya yi magana da Ambrose, ya ce zai jira. Amma auren rajista ba ya kwancewa da baki, ba ya kwancewa da addu'ar Fasto. Sai babbar kotu ta ce mijin ya mutu.

Wata safiya suna tsince shinkafa Kambili ta ce, "Mama, zan je kotu."

Salomi ba ta ɗago ba. "Ki je mana. Wa ya riƙe ki?"

"Ke, Mama."

Lauyan da suka samu, Barista Dzarma, ɗan ƙasar su Salomi ne, siriri, mai magana a hankali kamar yana tsoron ta fashe. Ya zo har gida, ya zauna a kan benci, ya yi bayani. Shekara bakwai ta cika, gaskiya ne. Amma doka tana so mai ƙara ta rantse ba ta da wani dalilin zaton mijin yana raye a cikin shekarun nan. Kambili kuwa tana da dalili, surukarta ce ta ba ta, a gaban mata ɗari. Shi ba zai ɓoye wa kotu ba. Dole wadda ta ɗauki wayar ta zo ta faɗi abin da ta ji. In kotu ta gamsu Daniel ne, to lissafi ya koma daga ranar kiran.

"Wato ta ƙara wasu shekarun."

"Haka ne, Mama."

"In wayar ta sake ƙara fa?"

"Sai lissafin ya sake komawa farko, Mama."

Ta ce, "Ɗana, ba wata tsohuwar shari'a da za ka tono? Ai aikinku ke nan. Ba wata Hajja da aka taɓa yi wa haka?"

"Akwai na waɗanda jirgin ruwa ya nitse da su, da na waɗanda suka tafi yaƙi. Duk na karanta. A kowacce sai da aka tambayi na gida. Irin taki, ta waya, ban samu ba. Mata da yawa suna jira a bayanku, Mama, kusan kowace da irin kiran nan. Duk yadda aka yanke, lauyoyi za su riƙa ɗauko ta."

Ga buri ya cika. Za a miƙe da hular gashi a kira sunan gidanta. Ta tashi ta shige ɗaki, ta bar shi a kan benci.

Ta yi makonni ba ta yi wa Kambili maganar ba. Yarinyar ma ba ta sake tayarwa ba, sai ana gobe za a shiga kotu, tana goge mata zanen da za ta ɗaura. Ta ce, "Mama, in kin san shi ne, ki ce shi ne. Wallahi zan jira. Ni dai ban ji ba, ke kika ji." Da ta yi mata rashin kunya, da ta yi mata gori, da Salomi ta san yadda za ta yi da ita, don faɗa ne abincinta. Wannan kuwa ba ta da makaminsa.

Ta tafi kotu da niyyar ta ce shi ne. Wannan ita ta faɗa daga baya, kuma ba a san ta da ƙarya ba, sai dai ƙari.

A barandar kotun mata ne zaune a jere, wasu da lulluɓi, wasu da ɗankwalin coci, ba mai ƙara a cikinsu ranar. Sun ji ne, suka zo. Wata tsohuwa Babarbariya ta kama hannunta ta gaishe ta da yarensu, "Wushe, Maman Daniel," ba ta ƙara komai ba. Salomi ta kasa gane me matar take roƙo, ta ce shi ne ko ta ce ba shi ba ne. Wataƙila ita ma matar ba ta sani ba.

Aka kira ta. Ta hau akwatin shaida, aka sa mata Littafi Mai Tsarki a hannu, ta rantse. Komai yadda take yabo ne: ga alƙali can sama ya yi shiru yana rubutu da hannunsa, ga lauya a tsaye, ga ta an ba ta fili ta faɗi nata. Doka mai kunne ta juyo da kunnen gaba ɗaya gare ta.

"Mama, wanda ya kira ya faɗi sunansa?"

"A'a."

"Ya ce Mama?"

"A'a."

"Ya yi magana, ko kalma ɗaya, da Hausa ko da Babur?"

"Bai yi ba."

"Daniel, in ya kira ki a da, yaya yake farawa?"

Bakinta ya ɗan motsa. "Ba ya sallama, mara kunya. Cewa yake, Hajiyar Kusuri, yau wa kika buga?" Wani ya yi dariya a baya, ya haɗiye ta.

"To ki gaya wa kotu, me kika ji a wayar?"

Amsar tana nan a kan harshenta, ta shekara uku tana wasa ta: uwa ta san numfashin ɗanta. Ta san in ta faɗe ta da muryar Tashar Baga, ba lauyan da zai iya ƙwace ta, kuma alƙalin nan mai furfura zai yi shakka, shakka kuwa ta isa. Ta duba benci. Ambrose ya sa fuska cikin tafin hannu. Kambili tana kallonta, tana gyaɗa mata kai a hankali, wato faɗi, Mama, ba komai. Hannayen yarinyar suna kan cinyarta a buɗe, yadda take ajiye su in ta miƙa jaririn wata.

Salomi ta ce, "Iska."

Alƙali ya ɗago. A duk zaman, wannan ce tambayarsa guda. "Kin tabbata, Mama?"

"Iska ce, ranka ya daɗe. Layi ne ya lalace. Tun ranar da ɗana ya hau motar nan ban ji daga gare shi ba."

Ya rubuta. Ta tsaya tana kallon alƙalamin yana tafiya, har ya kai ƙarshen layi ya sa ɗigo.

Bayan an yanke hukunci ta fito da kayan Daniel, ba don shanya ba. Ta kai sansanin 'yan gudun hijira ta rabar. Ita ta kira Fasto ta ce a sa ranar addu'ar mamaci. A bikin Kambili ita ta tsaya a kan tukwane, ta zagi masu dafa shinkafa tas, ta yi rawa ɗaya don kada a ce, ta koma gida da wuri. Wayar kuwa ta ba wata maƙwabciya kyauta, har da layin. Mutanen kasuwa suka rasa da wane suna za su kira ta, sai suka koma cewa Mama kawai.

Tana nan har yanzu da farantin daddawa. An ce lauyoyi suna ambaton shari'ar, ba ta taɓa tambaya ba. Labarin tarwaɗa ma ta daina ba da shi, sai dai mu mu ba da.

Watanni bayan bikin ta bi ta ƙofar shagon Ambrose. Ya tsufa, tumbin ya zube. Ya fito da kujera da kansa, ya sa aka kawo mata lemo mai sanyi. Mutumin yana son ya yi mata alheri ne, bai san da me ba, sai ya ɗauko abu mafi tsada da yake da shi, wato gardamar shekara ashirin, ya ajiye a gabanta.

"Surukata, na yi tunani. Ke ce da gaskiya tun farko. Dokarku ta fi."

"Oga Ambrose, sha ruwanka."

"A'a, bari in faɗa. Ta Faransa ba ta da mutunci. Dubi taku, ta jira, ta kira ki, ta tsayar da ke a gaban kowa, ta saurare ki. Su fa? Uwar Ajimi ko kallonta ba su yi ba. Ba wanda ya tambaye ta komai."

Salomi ta ajiye kwalbar ba ta sha ba. Ta ɗora farantinta a ka, ta gyara gammo.

"Shi ya sa har yau take da ɗa."